Ranar da Na Sa Baƙuwar Jami'a Dakan Ful

A cikin duk ranakun da na yi ina koyarwa a jami'ar nan tamu ta Omdurman, akwai wata Talata da ta ƙi fita daga raina, kuma ba na jin za ta fita. Ita ce ranar da na sa baƙuwar jami'a dakan ful, wato dafaffen wake, a gindin dalbejiya, a kan idon shugaban tsangaya. Ku da aka ɗauka aiki bayan yaƙi, da aka sake buɗe ƙofofi, kuna ta tambayata dalilin da ya sa nake tilasta muku cin fatur, wato karin kumallon hantsi, da ɗalibanku, alhali kuna da ofis mai fanka. To ga dalilin, ku gyara zama.

A lokacin ina kan matakin muhadira a Tsangayar Ilimi, wato na wuce mataimakin malami irinku da taki ɗaya, amma ban kai inda za a saurare ni a taro ba sai an gama sauraron kowa. A samana akwai shugaban sashe, a samansa kuma akwai shugaban tsangaya, wanda muke ce wa Amid. Yadda muka taras ana koyarwa kuwa, malami ya shigo da takardunsa ya karanta, ɗalibai su rubuta, ranar jarrabawa su mayar masa da kayansa kamar yadda ya ba su. Abin yana ci mini rai. Muna yaye waɗanda za su je su koyar da 'ya'yan mutane, wasu ma su fita ƙasashen waje aiki, amma ba a taɓa tambayarsu ra'ayinsu kan komai ba sai ko rufe taga ake so ko buɗewa.

Sai na rubuta buƙatar a ba ni sabon darasi, na sa masa suna Tattaunawa kan Al'amuran Duniya. Babu karanta wa kowa takarda. Za a kawo batu, kamar ruwa, ko ƙaura, ko aikin yi, ɗalibai su je su bincika, su dawo su yi gardama a kai, kuma rabin maki a baki yake. Ban da haka, lokaci-lokaci za su riƙa haɗuwa ta bidiyo da ɗaliban wata jami'a a Malesiya da muke da alaƙa da ita. Ƙa'idar sabon darasi ita ce a ba shi shekarar gwaji. A ƙarshenta a kawo mai dubawa daga waje ya zauna a aji ya gani da idonsa, ya rubuta rahoto, sannan majalisar tsangaya ta yanke ko darasin ya zauna ko a goge shi daga jadawali.

Amid ɗinmu na wancan lokaci Furofesa Attayib ne, dogon mutum mai sanyin magana, wanda idan zai ƙi maka abu sai ya fara tambayar lafiyar iyayenka. Ya tambayi lafiyar nawa har da ta kakata da ta daɗe da rasuwa. Daga nan ya ce mini ɗalibanmu 'ya'yan gida ne, an tarbiyyantar da su a kan cewa yaro ba ya musu da babba, don haka kada in wahalar da kaina. Ni kuwa bakina ba ya jiran shawarata. Na ce masa ya ba ni shekara ɗaya, in mai dubawa ya zo ya tarar da aji shiru, ni da kaina zan ɗauki alli in soke darasin. Ya yi murmushi ya ce, “Na ji, ya ustaza. Zan ajiye miki allin.”

Makonnin farko sai da na ga kamar Amid ya fi ni gaskiya. In yi tambaya, su dubi ƙasa. In kira suna, mai sunan ya tashi ya ce abin da na faɗa daidai ne, alhali ban faɗi komai ba tukuna. Amma da hantsi, in na bi ta gindin dalbejiyar da ke bayan tsangaya, inda ake sayar da ful da shayi, sai in ji waɗannan bayin Allah suna gardama har jijiyar wuya na tashi, kan ƙwallo, kan kuɗin mota, kan wace unguwa ce ta fi wace lalacewar hanya. Sai na fara zama da su a nan, ina cin nawa ina tsokanarsu. A aji kuma na daina tsayawa gaban allo, na sa muka jera kujeru zagaye. Sannu a hankali gindin dalbejiya ya biyo mu cikin aji.

Mutum biyu ne suka fi ba ni aiki, kuma dukansu Hausawa ne irina, cikin aji mai ƙabilu iri-iri. Haruna daga unguwar Alshajara ta Khartum yake zuwa, mahaifinsa yana da garejin gyaran mota a can. Murya gare shi irin ta wanda ya tashi yana magana ta saman ƙarar guduma, kuma ko gaisuwa ka yi masa sai ya nemi inda zai gyara maka. Asha kuma 'yar Umbadda ce, unguwarmu. Ba ta da yawan magana, sai ta bari kowa ya gama zuba, ta faɗi jimla ɗaya ajin ya yi tsit. Kafin shekara ta ƙare, malamin da ke koyarwa a ɗakin da ke jikin namu ya kai ƙarata wajen shugaban sashe saboda surutu. Na ji daɗin wannan ƙara fiye da takardar yabo.

Mai dubawar da aka turo Duktora Aini ce, daga wannan jami'a ta Malesiya. 'Yar ƙaramar mace ce mai tabarau, ta yi karatun Larabci a makaranta, don haka Larabcinta irin na littafi ne tsantsa. In ta nemi ruwan sha sai ka ɗauka huɗuba za ta fara. Tun kafin ta iso na gaya wa ɗalibai cewa baƙuwa za ta zo daga nesa, kuma zaman darasinmu ya rataya a kan abin da za ta gani. Na ce su yi yadda suka saba. A cikin duk jawabin nan nawa, kalmar baƙuwa kaɗai suka ji.

Da safiyar Talatar na fito Umbadda da wuri, na shiga aji na ga kamar na yi ɓatan kai. An share, an goge, an turara ɗakin da turaren wuta har hayaƙi na fita ta taga. An shimfiɗa wa teburi ƙyalle, ga dabino a faranti, ga zoɓo mai sanyi a jug. Kujerun da na sha wahala na zagaya da su an mayar da su layi-layi, an ajiye wata babbar kujera mai hannu a gaba, wadda na gane daga ofishin shugaban sashe aka aro ta. Haruna, wanda kullum da rigar ƙwallo yake zuwa, ya sha farar jallabiya da rawani kamar mai zuwa ɗaurin aure. A lokacin daɗi na ji, har na ce musu sun kyauta.

Amid ya shigo da Duktora, shi ya zauna a baya. Aka fara gaisuwa. Kun san gaisuwarmu ta Sudan, ba ta da birki. An tambaye ta hanya, da gajiya, da zafin garinmu, da mutanen gida, aka dawo kan hanya aka sake zagayowa. Da ƙyar na raba su. Ta tashi ta yi godiya, ta ce ita ba lacca ta zo yi ba, za ta faɗi ra'ayi ne, tana so duk wanda bai yarda ba ya fito fili ya ƙalubalance ta. Duk suka gyaɗa kai suna murmushi.

Ta fara da cewa wanda yake so ya zama ɗan duniya, ya yi aiki da mutanen kowace ƙasa, sai ya sauke al'adun garinsu a filin jirgi ya bar su a nan. Wannan batu mun taɓa yin sa a aji, har Haruna da wani ɗan uwansa ɗalibi suka yi kwanaki ba sa ga maciji da juna. Na dubi Haruna ina jira. Ya ɗora hannu a ƙirji ya ce, “Kalamik sah, ya duktora.” Wato maganarta gaskiya ce. Sauran suka amsa masa kamar ana bin liman.

Duktora ta gyara tabarau ta ƙara wuta. Ta ce ta lura mutanen Sudan suna ɓata rabin yini a gaisuwa da cin fatur, kuma al'ummar da ke haka ba za ta taɓa cin gaba ba. Ni kaina da na san da gangan take yi sai da na ji zafin maganar. Wata ɗaliba ta tashi ta ce wallahi Duktora ta gano ciwonmu, Allah Ya saka mata da alheri, sannan ta miƙa mata farantin dabino.

Daga nan na ga matar tana nazarinsu. Can sai ta ce, da fuskarta a sake, tana fatan kafin ta koma gida za ta tsaya a Alƙahira, domin ta ji a nan ne Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa. Jama'a, mahaɗar nan ta Mugran tana nan a bakin ƙofarmu. Haruna kullum sai ya haye gada ta kusa da ita kafin ya iso aji. Ya haɗiye maganarsa ya ce, “Mumkin, mai yiwuwa ne, ya duktora. Allah mai iko ne.”

Na zagaya ta bayansa kamar zan gyara labule, na sunkuya na yi masa magana da Hausa don kada kowa ya ji. Na ce, “Kai Haruna, yau wa ya ɗaure maka baki? Kogin garinku ake kai wa Masar kana kallo?”

Ya ce ƙasa-ƙasa, “Ustaza, baƙuwa ce fa. Ta keto teku ta zo mana. In ƙaryata ta a gaban mutane? Wallahi in innata ta ji, a hafila zan kwana.” Hafila ita ce motar hayar da yake shiga zuwa gida.

Na juya wajen Asha, ta kawar da kai tana wasa da bakin mayafinta. Ba tsoro ne ya hana su magana ba, da tsoro ne da na san maganinsa. Mutunci suke yi, irin wanda aka koya mana duka tun muna rarrafe, kuma da shi suke binne darasin da muka shekara muna ginawa.

Lokacin fatur ya yi, aka tashi. A bakin ƙofa Duktora ta riƙe hannuna ta ce ɗalibaina masu ladabi ne ƙwarai, ba ta taɓa ganin irinsu ba. Na san ma'anar wannan yabo a bakin mai dubawa. Amid kuma ya matso kusa da ni, ya tambayi lafiyar mahaifiyata, sannan ya ce kada in damu, ba laifina ba ne, akwai darasin Tarihin Ilimi da ba shi da malami a shekara mai zuwa. Da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Ga wanda bai saba da garinmu ba, fatur shi ne karin kumallon hantsi, kuma a lokacinsa komai tsayawa yake, daga ofis har gareji. Abincinsa ful ne, waken nan mai faɗi da ake dafawa a doguwar tukunya har ya yi laushi. Ana zuba shi a babban kwano, a daka shi da gindin kwalbar lemo, a sa gishiri da man riɗi da cuku da albasa da barkono, a kewaye shi a ci da burodi da hannu. Ɗalibaina a kwano ɗaya suke ci, kuma dakan na Haruna ne, ba wanda ya isa ya taɓa kwalbar in yana nan.

Da muka isa gindin dalbejiya na tarar har nan ma sun riga ni. An kafa wa Duktora ƙaramin teburi can gefe a inuwa mafi kyau, da kujera, da faranti nata ita kaɗai, da cokali a naɗe cikin takarda. Ta zauna tana kallonmu daga nesa kamar marar lafiyar da aka keɓe. Su kuma sun tsugunna kewaye da kwano suna magana a hankali don kada su dame ta.

Ganin haka sai gidanmu na Umbadda ya faɗo mini a rai. Ba a rasa baƙi a gidanmu, dangi daga yankin Jazira, masu zuwa asibiti, masu neman aiki. Muddin mahaifiyata tana kai wa mace abinci ɗaki a rufe da faifai, to komai ta faɗa sai mu ce haka ne. Amma ranar da Inna ta miƙa mata wuƙa da albasa ta ce ta taya ta, daga ranar ta zama 'yar gida, ana iya ce mata ta cika gishiri, ana iya musu da ita kan kowace magana. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya gaya mana wannan doka, amma ko ƙanina na goye ya san ta.

Mai ful ya juye wake a kwano, Haruna ya nannaɗe hannun jallabiya ya miƙa hannu zai ɗauki kwalba. Na riga shi. Na taka har teburin Duktora, na ce mata yau muna da ƙarancin hannu, ko za ta zo ta taya mu daka? Amid, wanda ya tsaya shan shayi a kusa, ya tsayar da kofi a rabin hanya. Wata ɗaliba ta rufe baki da mayafi. A wajensu na yi abin da ba a yi, na sa baƙuwa aiki tun ba ta ci komai ba.

Duktora kuwa kamar jira take. Ta ture cokalin, ta zo ta tsugunna a bakin kwano, ta karɓi kwalba. Sai dai ta kama ta ta ciki ta juya ta, ta fara caka wa waken bakin kwalbar maimakon gindinta. Wake na shigewa cikin kwalba, romo na tsalle. Da ta ga bai daku ba sai ta jawo man riɗi ta tuttula tun kafin lokacinsa, ta koma tana juyawa kamar mai dama kunu.

Na sa wa Haruna ido. Ya dubi sama. Ya dubi ƙasa. Ya ciji leɓe. An kai kogin garinsu Masar ya jure, an ce al'ummarsa ba za ta ci gaba ba ya jure, amma a lalata ful a gabansa, wannan ya fi ƙarfinsa.

“La la la, ya duktora, ba haka ake yi ba!” Ya faɗa da muryarsa ta gareji. “Juya ta. Gindin ake sawa. Kuma wa ya ce ki zuba mai yanzu? Kin kashe shi.”

Ta ɗago kai ta dube shi ta saman tabarau, ta ce a littafin girki da ta karanta, mai ake fara sawa. Ya ce wanda ya rubuta littafin bai taɓa jin yunwa a Khartum ba. Ya tsugunna kusa da ita yana nuna mata yadda ake murza kwalbar ana dannawa, yana yi mata gyara kamar sabon yaron gareji, rawaninsa ya warware bai sani ba. Dariya ta ɓarke. Ana cikin haka Asha ta gutsuri burodi ta miƙa wa Duktora, ta ce a hankali, “Kuma kogunan nan biyu ba a Alƙahira suke haɗuwa ba. Suna nan bayan gada. In kin gama ci mu kai ki.”

Shi ke nan, bakin ya buɗe. Duktora ta sa hannu a kwano, ashe ma a ƙasarsu da hannu suke ci, cokalin nan ya fi ba ta wahala. Ɗalibar da ta ce an gano ciwonmu ita ce ta fara janye maganarta. Ta ce a cikin doguwar gaisuwar nan ne ake jin wanda uwarsa ke kwance asibiti, da wanda ya rasa aiki, kuma kafin a rabu an san wanda zai taimaka wa wa. Wani ya ce a kwanon fatur ba a gane wanda ya fito gida da kuɗi da wanda ya fito hannu sake, kowa ci yake, to wace ƙasa ce ta ci gaba har ta wuce wannan? Suna magana suna katse juna, Larabci na karo da Turanci, Haruna in ya ƙule sai Hausa ta kufce masa.

Ita ma ba ta sakar musu ba. Ta ce ta ji, amma ɗalibanta a can sun kawo mata ƙara. Duk ranar haɗuwa ta bidiyo su suna zaune a kan lokaci, kuma lokacin yamma ta yi a wajensu, wasu suna da motar da za su kama zuwa gida, namu kuwa sai su shigo a makare, su cinye sauran lokacin da tambayar lafiyar dangin da ba su sani ba. Ta ce shin mutuncin da kuke yi wa baƙo bai haɗa da lokacinsa ba? Haruna ya sosa ƙeya ya ce wannan kam ta kama su, amma shi ba zai iya fara magana da mutum bai gaishe shi ba ko da za a kore shi daga jami'a. Aka ja, aka ja, har aka tsaya kan cewa namu za su riƙa shiga kafin lokaci, gaisuwa ta samu wurinta a nan, nata kuma a koya musu amsawa.

Kan batun sauke al'ada a filin jirgi, Asha ta bari kowa ya gama kamar yadda ta saba. Sannan ta ce kakarta a ƙafa ta taso daga ƙasar Hausa da niyyar aikin Hajji, ta ratsa ƙasashen da ba ta san sunansu ba, ta tsaya tsinkar auduga a Jazira don neman guzuri, tsayawar da ta zama zama. Ta ce tsohuwar ta zauna da kowace ƙabila, ta karɓi haihuwar 'ya'yansu, ta yi musu wankan gawa, kuma har ta rasu ba ta daina tuƙa tuwonta ba. “Ba ta sauke komai ba, ya duktora. Ƙari ta yi a kan abin da ta zo da shi.” Duktora ta ce wannan amsa za ta tafi da ita ajinta.

Ban ankara ba sai na ji wata murya mai sanyi a bayana tana cewa, a gaskiya a garinsu ana ɗiga ɗan mai kafin daka, kuma ful ɗinsu ya fi na Khartum. Amid ne. Ya ajiye kofi ya nannaɗe hannun riga ya tsugunna. Haruna ya juya ya ce masa, “Da girmanka, ya furof, amma wannan kuskure ne.” Ɗalibin shekara ta uku ya ce wa shugaban tsangaya ya yi kuskure, sama ba ta faɗo ba. Sai ma Amid ya buɗe baki yana kare garinsu har cuku na maƙale masa a gemu.

Da majalisar tsangaya ta zauna aka karanta rahoton Duktora, darasin ya zauna, kuma shi ne wanda wasunku za su gada daga hannuna. Bayan taron Amid ya kira ni ofis, ya buɗe aljihun teburi ya fito da allin da ya ce zai ajiye mini, ashe da gaske ya ajiye. Ya miƙo mini ya ce in je in yi rubutu da shi. Ya ƙara da cewa nan gaba in zan sa baƙon jami'a aikin kicin, in sanar da shi tukuna, don zuciyarsa ba ta da ƙarfi kamar da.

Abin da ya biyo baya kun san shi, yaƙi ya zo ya watsa mu. 'Yan ajin nan da na yi ta shirya wa zama da mutanen duniya a kan allo, sai ga shi duniyar ta kwashe su ba shiri, kowa da inda ya faɗa. Asha tana koyarwa a wata makarantar 'yan gudun hijira. Haruna kuwa Duktora ce ta yi masa hanya ya je Malesiya ya ƙarasa karatu, ta sauke shi a gidanta. Saƙonninsa na farko ba su yi mini daɗi ba. Kullum sai ya ce lafiya lau, mutanen kirki ne, ana kai masa abinci har ɗaki, ba a barinsa ya ɗauke ko kofi. Muryar ta yi ƙasa, ba ta garejin nan da na sani ba.

Wata rana da hantsi sai ga saƙon murya ya shigo, tun daga sallamar na ji bambanci. Ya ce ya gaji, ya shiga kicin ya tarar da mahaifiyar Duktora tana dakan barkono a ƙaramin turmin dutse, ya karɓe taɓaryar daga hannunta. Bai yi nisa ba tsohuwar ta hau shi da faɗa da yarensu, ta buge masa hannu, ta nuna masa shi ba ya jin magana kuma bai iya komai ba. Ya ce shi ma ya rama da Hausa. Yana ba ni labari yana dariya.

“Ustaza, yau an yi mini faɗa,” in ji shi. “Wallahi tun da na bar Alshajara ban ji daɗi irin na yau ba.”

Na saurari saƙon nan har ban san adadi ba, ina dariya ina share ido. Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Ɗalibanmu ba bebaye ba ne, kuma ba sai mun kankare musu tarbiyya za su iya zama da mutanen duniya ba. Mutum dai ba ya buɗe baki a inda ake yi masa baƙunta, ko inda shi yake yi wa wani. Ku ma a ajinku baƙi ne, muddin kuna tsaye gaban allo da takarda a hannu, duk abin da kuka faɗa za a ce muku sah, gaskiya ne. Don haka gobe da hantsi ku rufe ofis ku same su a gindin dalbejiya, ku karɓi kwalbar. In an yi muku tsawa kun zama 'yan gida, in ba a yi ba ku koma jibi.